An Yi wa Kwamfutarka Fomat: Sauran Aiki Naka Ne

Tambaya: Ina da ƙaramin shagon buga takardu da fotokwafi a unguwar Yelwa, nan Garwa. Kwamfutata HP ce ta gwanjo. Da ta yi nauyi sai na kai ta wurin mai gyara, ya yi mata fomat, ya sa mata sabuwar Windows. Ta dawo da sauri, ba laifi. Amma ranar da na haɗa ta da intanet ɗin wayata, datar da na saya ta wata guda ba ta kai magariba ba. In na danna A sai Q ya fito. Kuma sunan da ke bayyana idan na kunna ta ba nawa ba ne. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da wannan hasara. A cikin abubuwa ukun da ka lissafa, na ƙarshen ne ya fi tayar mini da hankali, ko da yake na san na farkon ne ya fi yi maka ciwo. Data ana sake saye, haruffa ana gyara su cikin minti biyu. Amma kwamfutar da ke buɗewa da sunan wani, har yanzu ba ta gama zama taka ba.

Ga dalili. Windows 11 tana matsa wa mai girka ta ya shiga da asusun Microsoft. Masu gyara da yawa, saboda sauri ba don mugunta ba, sai su zuba nasu imel ɗin su wuce. Tun fitowar sigar 24H2 a 2024, idan an girka Windows sabuwa kuma aka shiga da irin wannan asusu, takan kulle duk abin da ke cikin faifan ajiya da kanta, da tsarin da ake kira BitLocker, sannan ta aika makullin ceto, mai lambobi 48, cikin wancan asusun. Ba za ka lura da komai ba, aiki zai yi ta tafiya. Sai ranar da aka taɓa saitin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ko aka canza wani ɓangare na cikinta, ka kunna ka tarar da shuɗin allo yana neman lambobi 48. In makullin yana asusun mai gyara, shi kuma ya bar gari ko ya manta kalmar sirrinsa, to takardun kwastomominka sun tafi, babu gwanin da zai fito maka da su. Ban da wannan, OneDrive, manhajar ajiya ta Microsoft, tana iya kwashe takardunka da hotunanka ta kai su rumbun wancan asusun a intanet. Ka tuna irin abin da mutane ke kawo maka: katin shaida, takardar haihuwa, takardar fili. Amana ce.

Saboda haka, kafin komai, ka buɗe asusu da sunanka, ka ba shi ikon shugaba, ka fita ka shiga da shi, sannan ka goge na mai gyara. Daga nan ka duba ko an kulle faifan. A Windows ta Faransanci, wadda ita ce ta fi yawa a nan, wurin yana ƙarƙashin «Confidentialité et sécurité», da sunan «Chiffrement de l'appareil». In a kunne yake, kashe shi ka bari ya gama buɗewa, sannan ka sake kunna shi a ƙarƙashin naka asusun in kana so. Ka nemo sabon makullin ka rubuta shi da biro a littafi, ka ajiye a gida, ba a shago ba. Tunda kuma yara da kwastomomi na zama a kan wannan kwamfuta, ka buɗe musu asusu na biyu marar ikon girka komai. Wannan kaɗai yana tare rabin fitinar da ke sa a koma fomat.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ka koma ka yi wa mai gyaran, cikin mutunci: da me ya kunna lasisin Windows? Wasu suna amfani da manhajar fasa lasisi, kuma don ta shiga sai sun kashe Defender, wato mai gadin da ke zuwa tare da Windows. Irin waɗannan manhajoji hanya ce sananniya da ɓarayin kalmar sirri ke bi, kuma sau da yawa ana manta a mayar da mai gadin bakin aiki. Abin takaicin shi ne galibi ba a ma buƙatar fasa komai. Tun zamanin Windows 8, a 2012, kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suke dasa lasisin a cikin kwamfutar kanta. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ke shigo mana, ta Duwala ko ta Yola da Mubi, tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ne masu lasisin Pro. In aka girka irin da ya dace da lasisin aka haɗa ta da intanet, da kanta take kunnuwa. In ya tabbatar maka fasawa ya yi, shawarata a sake girkawa da tsabtatacciyar Windows daga shafin Microsoft tun yanzu da ba ka tara aiki a kai ba. Na san da nauyi a sake zama, amma ba zan sa kalmar sirrin imel ko ta banki a kwamfutar da aka fasa wa ƙofa ba, kuma ba zan ce ka sa ba.

Yanzu datarka. Sabuwar Windows tamkar raƙumin da ya fito daga sahara take: duk rijiyar da ta fara samu sai ta ƙafar da ita. Filashin da mai gyara ke girkawa da shi yakan kai shekara ko fiye ba a sabunta shi ba, don haka da ta ga intanet sai ta shiga sauko da duk gyare-gyaren da suka wuce ta, da direbobi, wato manhajojin da ke sa sassan kwamfuta su yi aiki, da sabunta ƙananan manhajoji, giga bayan giga. Sau da yawa ba ta bambance intanet ɗin waya, na MTN ne ko Orange ko Camtel, da na ofis marar iyaka. Kai ne za ka gaya mata. Da ka haɗa, shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka kunna «Connexion limitée». Ka kuma dakatar da OneDrive in ba ka buƙatarta. Giga 5 kawai take bayarwa kyauta, kuma da datarka take ɗora kayan.

Kada ka fahimce ni a kan cewa a guji sabuntawa. Wasu masu gyara suna kashe ta gaba ɗaya don kada kwastoma ya dawo da ƙorafi, kuma wannan cutarwa ce. Abin da nake cewa shi ne ka zaɓi lokaci da wuri. Ka nemi inda ake da intanet marar iyaka, ko ka sayi data mai yawa don wannan aikin kaɗai, ka bar ta ta sauke, ta mutu ta tashi, ka sake bincikawa, har sai ta ce babu saura. Daga nan abin ya zama na wata-wata, domin Microsoft tana fitar da gyaran tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata.

Zaɓen lokaci a arewacin Kamaru yana nufin duba wuta. Layin wutarmu dabam yake da na kudu, kuma ƙashin bayansa madatsar Lagdo ce a kan Binuwai, mai megawat 72, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo sauƙi, amma kowa ya san yadda ake yi idan ruwa ya ja baya a bazara. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya lalata Windows, in kuma BIOS ake sabuntawa, kwamfutar tana iya ƙin tashi sam. In taka ta tebur ce, kada ka fara sai da akwatin batir mai riƙe wuta na 'yan mintuna. In ta hannu ce mai mataccen batir, hukuncinsu ɗaya. Ka kuma yi aikin da sassafe ko da dare, domin a watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, sabuntawa kuma tana sa inji ya yi aiki iya ƙarfinsa. A sa a hure ƙurar hunturu daga fankarta tukuna.

Direbobi ba su da dogon bayani. Buɗe «Gestionnaire de périphériques». Duk inda ka ga alamar rawaya, akwai abin da ya rage. Ɗauki lambar da ke jikin kwamfutar ka je shafin HP ka sauko da nata. Guji manhajojin da ke alkawarin zuba maka direbobi duka a danna ɗaya, tarkace suke shigowa da shi.

A da Q kuwa, madannanka na Faransanci ne, AZERTY, aka saita Windows a kan na Ingilishi, QWERTY, ko akasin haka. Duba haruffa shida na farko a layin sama, ka zaɓi tsarin da ya yi daidai da su a saitin harshe. Tunda kana nan, ƙara madannan Hausa, suna cikin Windows: riƙe Alt na dama ka danna b, d, k ko y, ka sami ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Sai dai a kan QWERTY aka gina su, don haka a injin AZERTY za ka ga A da Q, Z da W, da M sun sauya wuri muddin kana kansu. Ga mai buga Fulatanci da sauran harsunanmu, akwai madannan Kamaru na ƙungiyar SIL, masu aiki da manhajar Keyman, na AZERTY da na QWERTY, waɗanda suka bi baƙaƙen bai-ɗaya na harsunan Kamaru na 1979. Mai shagon da ke buga katin biki da ƙugiyoyinsa daidai ya fi maƙwabcinsa daraja a idon kwastoma.

Duba agogo ma. Windows ta Faransanci takan ɗauki lokacin Paris. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris ba za ka ga bambanci ba, amma ranar Lahadin ƙarshe ta Maris sai agogonka ya yi gaba da awa guda. Zaɓi «Afrique centrale - Ouest». In kwanan wata yana rikicewa duk sanda aka ɗauke wuta, har shafukan intanet su ƙi buɗewa, ƙaramin batirin ciki ne, CR2032, ya mutu.

Sana'arka tana da abokin gaba na musamman: filashin kwastoma. Bairos ɗin da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu yana yawo daga shago zuwa shago. Ka tabbatar Defender a kunne yake, ka sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, ka koya wa yaranka cewa abin da ya ƙare da .exe ko .vbs ba takarda ba ne, haka ma jaka mai 'yar kibiya a gefenta, kada su danna. Idan komai ya daidaita, firinta tana bugawa, ka kunna kariyar tsarin ka yi «point de restauration», don in abu ya ɓaci gobe a dawo nan maimakon fomat. Wannan ba ya ceton takardu idan faifai ya mutu. Su sai ka riƙa kwafe su a faifan waje kowane mako, ka cire shi bayan ka gama.

In kuma Windows 10 aka sa maka, ka sani Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 tana neman giga 4 na ƙwaƙwalwa, giga 64 na ajiya, guntun tsaro na TPM 2.0, da injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Ana iya cusa ta a tsohuwar kwamfuta, amma Microsoft ba ta lamunce mata sabuntawa ba. Ɗaliban jami'o'in Ngaundere da Marwa da suka karɓi kwamfutocin PB Hev na rabon gwamnati da aka fara a ƙarshen 2017, masu giga 32, sun san yadda Windows ke cika ƙaramin faifai. Ga irin waɗannan injuna Linux Mint, madadin Windows, ta fi dacewa: kyauta ce, ba ta buƙatar fasawa, sigarta ta 22 tana da tallafi har 2029, kuma bairos ɗin filashi na Windows ba ya aiki a kanta. A shago irin naka dai kada ka yi gaggawa. Ana iya tayar da ita daga filashi ba tare da an girka ba. Gwada firintarka da ita, ka buɗe takardun Word biyu ko uku na kwastomomi a LibreOffice, madadin Word da ke cikinta, ka ga ko tsarinsu ya tsaya. In sun tsaya, girka. In sun karkace, ka zauna a kan Windows, ka fara tanadin injin da zai ɗauki ta 11.