Kafin ki kai kuɗin adashi kasuwar kaji

A hunturun da ya wuce wata dattijuwa ta aiko jikanta ya kira ni, a wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. Na tarar da ita a zaure, an shimfiɗa buhu, kaji uku a kai. Ɗaya ta riga ta mutu. Ɗaya ta saki fukafukai har ƙasa kamar an yafa mata bargo, baki buɗe, tana jan numfashi da ƙyar. Ta ukun kuwa wuyanta ya murɗe, kai ya kalli sama, sai zagaye take yi a wuri ɗaya. Na ɗaga jelarta, kashi kore shar ya manne wa gashin.

Ta ce, "Ɗan nan, duba mini. Yau kwana tara da na ɗauki adashi na bayar aka sayo mini goma sha biyu a kasuwa. An ce kaji sun yi araha."

Na ce, "Inna, da akwai wasu a gidan kafin waɗannan su zo?"

"Akwai shida da zakara. Su ma tun jiya sun ƙi cin tsaba."

Kafin sati ya zagayo ba a bar mata ko ɗaya ba, kuma gidaje huɗu da ke jikin nata duk sun yi asara. Na daɗe ina aikin lafiyar dabbobi a wannan yanki, daga Minjibir zuwa Kunchi, kuma babu hunturun da ba na ganin irin wannan. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wa masu niyyar fara kiwon kaji ko agwagi a gida, musamman iyayenmu mata da ƙannenmu, tunda a yawancin gidaje kajin nasu ne.

Abin da ya kashe kajin Inna shi ne ciwon da wasu ke kira fakat, masana kuma suna ce masa Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gan shi a 1926. Arahar da ta ja hankalinta ita ce alamarsa ta farko. Idan ciwon ya shiga ƙauye, duk mai kaza yana sauri ya kwashi waɗanda ba su faɗi ba tukuna ya nufi kasuwa, farashi ya karye, mai saye ya ɗauko ciwon a kwando ya kai gidansa da hannunsa. Kazar da ta kamu tana iya yin kwanaki tana cin abinci garau kafin ta nuna. Saboda haka in kin ji kaji sun yi araha a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, cikin sanyi, ba tare da wani dalili ba, ki riƙe kuɗinki.

Mu kuma a arewacin Kano zamanmu ya ƙara wa abin nauyi. Ba mu da jeji. Gona a jikin katangar gida take farawa, inda taka ta ƙare ta maƙwabcinka ta ɗauka, ba a barin saura ta huta. Gidaje a manne suke, juji ɗaya kajin gida biyar ke tona, a bakin rijiya ɗaya suke shan ruwa. Kaza ba ta san iyakar gida ba. Don haka kiwonki ba naki ba ne ke kaɗai, abin da ya sami kajin maƙwabciyarki da safe zai iso naki kafin la'asar.

Mai farawa ta fara da kaɗan: sagara huɗu ko biyar da zakara ɗaya. Zakara guda ya ishi kaji goma, ƙari a kan haka faɗa ne da ɓarnar tsaba. Ki saya a gidan da kika sani, inda idonki ya ga kajin suna kiwo, kika kuma san ba a yi mutuwa ba a 'yan watannin nan. Ki duba ido ya zama tas, hanci a bushe, ƙarƙashin jela babu kashi, ki ɗaga fiffike ki ga ko akwai ƙwarƙwata. Ko daga gidan 'yar uwarki ta fito, kada sabuwar kaza ta haɗu da na gida sai ta yi sati biyu a keɓe, da kaskon ruwanta daban. Haka ma kazar da aka ba ki kyauta wurin suna ko biki, da wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita. Wannan ta ƙarshen ta fi kowacce cutar mutane, don ana ganin ai ta gida ce.

Ana yawan tambayata batun kajin zamani, irin su Noiler, ko ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar. Suna da girma da yawan ƙwai, babu shakka, amma cikinsu na neman abincin saye, kuma ba su damu da kwanci ba. Wadda ba ta taɓa riƙe kaji shekara guda cur ba, shawarata ta fara da kajin Hausa. Ƙwansu kaɗan ne, goma zuwa goma sha biyar a zubi ɗaya, kamar sau uku a shekara, amma su ke kwanci da kansu, su yi reno da kansu, su nemi rabin abincinsu da ƙafarsu.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Ciwon nan ba shi da magani idan ya shiga. Na ga an jiƙa barkono, an jiƙa ɓawon maɗaci, an fasa kafso ja da rawaya a ruwan sha. Na san ba don sakaci ake yi ba, mutum ne yake ganin dukiyarsa na zubewa a gabansa. Amma ƙwayar da ke kawo shi ba ta jin kafso, kuɗin ne kawai ke tafiya. Abin da ke aiki shi ne rigakafi tun kaza na lafiya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wani da ake kira I-2, wanda asalinsa daga Ostareliya ne, an yi shi musamman domin kajin ƙauye, don ya fi sauran jure zafi. Duk da haka ba a barin sa a rana, ba a sa shi a aljihu a yi ta yawo. A sanyi ake ajiye shi, a ɗauko shi cikin jiƙaƙƙen ƙyalle ko kula mai ƙanƙara. Babu allura. Ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya, ga babba ga ɗan tsako, a riƙe kazar har ta ƙifta ɗigon ya shige. Yana ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki, ana kuma maimaitawa duk wata huɗu. Ni nakan ce wa mutane su riƙe wata uku: Oktoba kafin iskar hunturu ta taso, sai Fabrairu, sai Yuni. Kazar da ta riga ta kamu ba a ɗiga mata, kuma ba a shiga da rigakafi ƙauyen da mutuwa ta riga ta fara. Yin haka ne ke sa a ce rigakafin ne ya kashe su.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa gara a ƙarar da ita a ranar. Nan ne zaman namu na kusa da juna ya zama alheri. A unguwannin da abin ya karɓu, mata ne ke haɗa kuɗin a tsakaninsu, a sa rana, a gaya wa kowa kada ya buɗe akurki da asuba. Ni namiji ne, iyakata zaure, don haka nakan zauna a ƙofar gidan mai unguwa yara su riƙa fito mini da kajin biyu-biyu, ko in koya wa wata mata ɗaya mai natsuwa ta bi gida-gida da kwalbar. Hanya ta biyun ta fi, don ita tana shiga har bayan ɗaki, ta ga mai kwanci da aka manta da ita a ƙarƙashin rumbu.

Akurkin gargajiya na ƙasa yana kare kaji daga muzuru da sanyi, amma ƙofarsa ƙarama ce, hannu ba ya shiga balle tsintsiya, iska ma ba ta ratsawa. Na taɓa sa an fasa bayan wani, muka tarar da kashi ya kai tsawon yatsa, tsagogin bangon cike da kaska. Kajin gidan kuwa duk sun rame, ƙuma ta yi baƙi ƙirin a gefen idanunsu. In za ki gina, ki faɗaɗa ƙofa, ki bar tagogi biyu a sama a sa musu waya, a gitta sanda su hau su kwana. Ki share duk sati ki barbaɗa toka, ki yaɓe tsagogin bango. Kashin da kika share kada ya tafi juji. Ki tara shi a buhu a inuwa. A ƙasar da ake auna taki da mangala, kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi, kuma masu lambu suna saye.

Bayan ciwo, inda aka fi asara shi ne 'yan tsaki. Kwana 21 kaza ke kwanci. Kada ki tara mata ƙwan da ya fi ƙarfin fukafukanta, goma zuwa goma sha biyu sun isa, ki yi musu alama da gawayi don ki gane in wata ta zo ta ƙara sabo. A kwana na goma, da dare, ki haska kowane ƙwai da fitilar waya: mai rai za ki ga jijiyoyi ja da duhu a ciki, wanda ya fito fayau kuma ki cire shi tun bai zama baragurbi ba. Sai ta ƙyanƙyashe goma, bayan wata guda ki ga uku ke bin ta. Shirwa ta ɗauka, raɓar safe ta jiƙa wasu, ɗaya ya faɗa kaskon ruwa, wasu yunwa ce kawai don uwar ta ja su yawo mai nisa. Maganin wannan ba ya cin kuɗi: babban kwando ko ɗan keji na kara, a kife su da uwar a inuwa sati huɗu zuwa shida. Ruwansu a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki. Abincinsu tsaki da dusa, da ɗan ƙuli-ƙuli dakakke marar gishiri da yawa, da ganyen zogale. Tsohuwar dabarar kakanninmu ma tana nan da amfaninta: a cusa kara da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta a bakin shuri da yamma, da safe a ɗauko ta cike da gara. Dusa kaɗai ba ta gina jiki, garar nan ita ce namansu.

Da damina ta faɗi aka yi shuka, kowa ya san ana ɗaure awaki, amma ana mantawa kaza ma tana tone iri. Na ga zumunci ya ɓaci a kan wannan. Ki shirya tsare su na 'yan makonnin farko, ki kuma ajiye musu dusa da ƙaiƙayi mai tsaba tun kaka.

Agwagwar da muke da ita a nan, mai jan fuska, ta fi kaza juriya nesa ba kusa ba, kuma uwa ce ta gari. Ba sai kina kusa da madatsar ruwa ta Thomas ba za ki kiwata ta. Baho ko kasko mai zurfin da za ta nutsa kanta ta wanke ido da hanci ya ishe ta. Toro ɗaya ga mata huɗu ko biyar. Kwancinta kwana 35 ne, sati biyu fiye da na kaza, kuma rashin sanin wannan ya sa mata da yawa sun zubar da ƙwai masu rai suna zaton sun lalace. Saboda bambancin kwanakin nan, ba a haɗa ƙwan kaza da na agwagwa a gurbi ɗaya. 'Ya'yanta kada su yi iyo a makonnin farko, sanyi na kashe su, kuma abincin da ya yi funfuna ya fi yi musu illa fiye da 'yan tsaki, don haka ƙuli-ƙuli ko masarar da ta canza kala kada ta kusance su.

Juriyar tata kuma ita ce haɗarinta. Agwagwa tana iya ɗauke da ƙwayar fakat ko ta murar tsuntsaye tana yawonta lafiya lau, tana zuba ta a ruwan da kaji ke sha. Makwancinta daban, kaskonta daban, ko da gidan ƙarami ne. Murar tsuntsaye ba labarin nesa ba ne a wurinmu: a Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a Jihar Kaduna, ba a jima ba ta iso Kano, ta kuma sake dawowa a farkon 2015. Ita tana kama mutum, ta taɓa yin kisa a Legas a 2007. Da ido ba a iya raba ta da fakat. Saboda haka in kaji suka fara faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yi saurin sa wuƙa don a ci, kada a ba yara su fige, kada a jefa gawar a juji kare ya ja ta zuwa gidan wani. A haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu, a sanar da ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.

Innar nan ta sake aiko jikanta bayan kaka ta bana. Ta sayi sagara huɗu a hannun 'yar ƙanwarta, ta kife su a bayan ɗaki, yau kwana goma sha biyu. Ta ce ta yi wa matan gidajen nan huɗu maganar rigakafi, uku sun ba da nasu kuɗin, ta huɗun tana jiran mai gidanta ya dawo daga cin rani. Na ce ta sa kajin matar a lissafi, kuɗin ya biyo baya. Mun tsayar da ranar Talata, bayan sallar asuba, kafin a buɗe akurki.