Tseren Karɓa-karɓa da Taswira Cikin Dare

Tambaya: Ni malami ne a Ƙofa, ina koya wa 'yan sikawut karanta taswira da kamfas. Na ji ana gasar karɓa-karɓa ta kwana a Turai. Yarana za su iya?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Gasar da ka ji tana nan. A Finland ana yin Jukola tun 1949, mutum 7 a kowace tawaga, a tashi da dare a watan Yuni, a gama da safe. Suwidin na da Tiomila tun 1945. Kowa zai nemo tashoshin da aka sa masa a taswira, ya dawo ya sallami na gaba.

Yaranka za su iya, amma kada ka kai su daji da dare. Ka fi ni sanin halin tsaro a yankinku na Kusada da Kankiya, kuma mai gudu da tocila a bayan gari sai a ɗauke shi wani abu daban.

Ku fara da rana, bayan an kawar da amfanin gona. In sun ƙware, ku gwada bayan isha'i cikin harabar makaranta, a daren farin wata, su riƙa fita bibbiyu da usur da takalmi rufaffe saboda maciji. Ka nemi yardar iyaye tukuna, ka sanar da dagaci da 'yan sanda.

Zangon tseren da ya fi duhu na mai natsuwa ne, ba lallai mai gudu ba. Sannan ka gayyaci wata makaranta daga Kankiya, don yara ba sa zage damtse sai da abokin karawa.