Farautar Ɓoyayyen Akwati a Dazukan Ostireliya

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya tambaya: wai mene ne wasan Geocaching da yake jin masu yawon daji a Ostireliya suna yi?

To, malam, farauta ce amma ba ta nama ba. Wani ne zai ɓoye ɗan akwati a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, ya sa lambobin wurin a intanet, wasu su bi da GPS na wayarsu su nemo. A ciki akwai ɗan littafi da za ka rubuta sunanka da kwanan wata. In ka ɗauki wani ɗan tarkace, sai ka ajiye madadinsa.

Asalin abin daga Amurka ne. A farkon watan Mayun 2000 gwamnatin ƙasar ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke amfani da ita, sai wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a jihar Oregon ranar 3 ga watan don ya gwada ingancinta. Yau akwatunan sun haura miliyan 3 a duniya.

A daji irin Sherbrooke kusa da Melbourne a Ostireliya, dogayen bishiyoyi kan tare siginar, wayar ta kai ka kusa ta bar ka da lalube. Nan fa ake taka tsantsan, don ƙasar na da macizai masu mugun dafi. Ba a cusa hannu a rami sai an leƙa. Ƙa'idar wasan kuma ta hana haƙa ƙasa, ta hana sa abinci a akwatin, kada dabbobi su farfasa shi.