Darasi: Takardar Tuni Ga Ma'aikacin Lafiya Na Ƙauye

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa shuka masara da igiya mai ƙulle-ƙulle ya san amfaninta. Ba wai manomi bai san tazarar rami ba ne, amma in rana ta take, jiki ya gaji, ido yakan ruɗi mutum. Haka yake ga ma'aikacin lafiya na ƙauye. An koya masa aiki na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma gida shi kaɗai, likita yana nesa. Abin da zai riƙe shi a kan hanya shi ne takardar tuni, watau kati mai hotuna wanda ke nuna masa abin da zai yi bi da bi, a daidai lokacin da yake yin aikin.

Ga abin da aka gani a ƙasar Zambiya, aka buga labarinsa a 2008. An raba ma'aikatan ƙauye kashi uku don a ga yadda za su yi gwajin jini na zazzaɓin cizon sauro. Waɗanda aka ba takardar kamfani da ke cikin kwali sun yi kashi 57 cikin ɗari na aikin daidai. Waɗanda aka ba takardar tuni sun kai 80. Na ukun, da aka haɗa musu takardar da koyarwa ta awa uku, suka kai 90. Ku lura, kayan gwajin iri ɗaya ne.

Me ya kawo wannan bambanci? Takardar kamfani ƙananan baƙaƙe gare ta, da dogon Turanci. Ita kuwa ta tuni, manyan hotuna ne da lambobi. Tana cewa: sa safar hannu, ɗiga jini a nan, ɗiga ruwan gwaji a can, ka jira mintocin da aka faɗa kafin ka duba. Layi biyu, akwai zazzaɓi, ko da na biyun ya fito dishi-dishi. In layin da ke wajen harafin C bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. Mai gaggawa yakan duba tun lokaci bai yi ba, ya sallami yaro ba magani.

Ba takarda kaɗai ba ce. Akwai awon damtse mai launi uku na yara daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya tsaya a ja, watau ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, a tafi asibiti ran nan. Katin awon nauyin yara ma irinsu ne, wanda Dokta David Morley ya tsara sa'ad da yake aiki a Imesi-Ile, ƙasar Yarabawa.

To, ina ruwan ƙungiyar manoma? Da fari, kada ku ga ma'aikaci yana duba kati ku ce bai iya aiki ba. Wannan zance ne ke sa wasu su ɓoye katin a aljihun tebur don kunya, su dinga aiki da ka. Ni dai na fi yarda da mai dubawa.

Sa'an nan takarda tana tsufa. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓi. In kun tarar da tsohon kati a bango yana faɗin haka, a cire shi, a nemi sabo daga ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, na Hausa in akwai.

A taronku na gaba ku gayyaci ma'aikacin garinku ya zo da katunansa. Ku tambaye shi wanne ya yage, wanne gara ta ci, yana da agogon ƙidayar numfashi ko kuwa babu. Yaro mai tari, ɗan shekara 1 zuwa 5, in numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya, alamar ciwon huhu ce, ba kuwa a ƙirga wannan da ka. Kuɗin agogo da ledar rufe kati, ma'aji ya fitar daga asusu.