Idan Ƙashin Baya Ya Lotsa: Maganin Ciwo Daban, Maganin Ƙashi Daban



Akwai wata karaya da ba ta kumburi, ba ta jini, maɗori ma ba ya samun abin kamawa. A sashen ƙashi inda nake duba marasa lafiya, na fi ganin ta a bayan iyayenmu mata da suka haura shekara 60. Tsohuwa ta sunkuya ɗaukar bokiti, ko ta ɗaga jikanta, ko A Daidaita Sahu ya faɗa rami da ita, sai ta ji baya ya riƙe. A gida a ce sanyin ƙashi ne, a sayo Panadol da man zafi. Bayan wata biyu ciwo ya lafa, kowa ya manta. Shekara na zagayowa ta ƙara ranƙwafawa, zanen da take ɗaurawa ya fara jan ƙasa, ita kuma ta ce, "Likita, ai tsufa ne."

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne, ɗaya a kan ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu. Idan cikinsu ya zaizaye, nauyin jiki kaɗai ya isa ya danne gaban ɗaya ya lotsa, musamman inda bayan ƙirji ya haɗu da ƙugu. Kusan kashi biyu cikin uku na irin wannan karaya ba sa zuwa gaban likita. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya: cikin mata 5 da suka yi sabuwar karaya irin wannan, kusan 1 takan sake yin wata kafin shekara ta cika idan ba a sa ta kan magani ba. Maganin ciwo ba ya hana wannan. Aikinsa ya tsaya ga rage zogi.

Me ke cinye ƙashin?

Ƙashi rayayye ne. Kullum akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsohonsa, da wasu masu gina sabo, kamar katangar ƙasa da damina ke zaizayewa, rani kuma a sake mata yaɓe. Zuwa wajen shekara 30 ginin ya fi zaizayar yawa. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin istirojin da ke taka wa masu kankarewa birki yakan ragu, sai zaizaya ta rinjayi gini. Wannan ita ce cutar da likitoci ke kira ostiyoforosis. Maza ma tana kama su, musamman tsofaffi da waɗanda ake wa allurar sankarar mafitsara mai rage sinadarin maza.

A nan ƙasarmu akwai wani dalili da nake yawan cin karo da shi har a mata 'yan shekara 40: ƙwayoyin dekzametason da firednisolon da ake saye a kemis don ƙiba ko don ciwon gaɓoɓi. Shan su watanni yana raunana ƙashin baya da sauri. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke su rana ɗaya, don hakan ma haɗari ne. Ta gaya wa likita gaskiya, a janye su a hankali.

Kafin a rubuta magani

Ba kowane ƙashin baya da ya lotsa ba ne zaizaya ta jawo. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma ba baƙon abu ba ne a asibitocinmu. Sankarar mama da ta mafitsara suna yaɗuwa zuwa can, haka ma wata sankarar ɓargo da ake kira mayeloma. Shi ya sa bayan hoton ƙashi nake neman gwajin jini: yawan jini, lafiyar ƙoda, kalsiyam, bitamin D. Duk wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi, gumin dare, rama, mutuwar ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ya tafi babban asibiti a ranar, irin su Asibitin Ƙashi na Dala ko asibitin koyarwa mafi kusa da shi.

Akwai na'urar auna ƙarfin ƙashi mai suna DXA. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa makin da ya kai -2.5 ko ya gaza haka zaizayar ƙashi ce. Na'urar ba ta wadata a wajenmu ba, amma rashinta ba hujjar jinkiri ba ne. Wanda ya wuce shekara 50, ƙashin bayansa ya lotsa ba tare da wani babban haɗari ba, aka kuma kore sauran cututtukan can, ya cancanci magani ko ba a yi awon ba.

Magunguna masu tsayar da zaizaya

Na farko, kuma mafi sauƙin kuɗi da samuwa, shi ne alendironet, wanda aka fi sani da Fosamax: ƙwaya ɗaya mai miligiram 70 sau ɗaya a mako. Ɗan'uwansa risedironet, wato Actonel, miligiram 35 ne a mako. Alendironet yana rage haɗarin sabuwar karayar baya da kusan rabi. Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma a nan mutane suka fi yin asarar kuɗinsu. Ana shan sa da safe kafin a sa komai a ciki, da cikakken kofin ruwa zalla. Shayi, koko ko madara suna hana shi shiga jini. Bayan an sha, minti 30 ba ci, ba kwanciya, ba sunkuyo, don kada ya dawo ya ƙona hanyar abinci. Abin da nake gaya wa iyayenmu shi ne, "Mama, ku idar da sallar asuba tukuna, sannan ku sha, ku zauna a miƙe kuna lazimi har rabin awa ta cika." Da azumi kuma a tashi da wuri, a sha rabin awa kafin sahur. Mai wahalar haɗiya, ko mai matsanancin ƙwannafi, ko wanda ba ya iya zama a miƙe, wannan ba nasa ba ne.

Irin waɗannan nakan ba su zoledironet, wato Aclasta: miligiram 5 ta ƙarin ruwa, sau ɗaya a shekara. Ya rage karayar baya da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara 3 a babban gwajin da aka yi masa. Ga tsohuwar da ke ƙauye mai nisa, ko wadda ke mantuwa, zuwa asibiti sau ɗaya a shekara ya fi ƙwayar mako-mako tabbas. A karon farko wasu kan yi zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku. Nakan faɗa tun da wuri, don kada a ɗauka maleriya ce ko maganin bai karɓe ta ba. Duk waɗannan ukun ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai.

Mai raunin ƙoda yana iya samun denosumab, wato Prolia: allura mai miligiram 60 a ƙarƙashin fata duk wata 6, tare da sa ido kan kalsiyam na jininsa. Ƙarfinsa kan karayar baya ya yi kusa da na zoledironet. Amma ina so ku riƙe wannan da kyau: ba a fara shi a bari kara zube. Idan lokacin allura ya wuce da watanni, ƙashi yakan zube da sauri, wasu har ƙasusuwan baya da yawa su lotsa a lokaci guda. Na ga hajiyar da ɗanta ya kai ta ƙasar waje aka yi mata allura biyu, ta dawo gida babu wanda ya yi mata bayanin ta uku, sai da bayanta ya sake karyewa aka kawo ta. Wanda bai da tabbacin kuɗi da samuwar allura ta gaba gara kada ya fara. Wanda zai daina kuma dole a mayar da shi kan alendironet ko zoledironet.

Akwai kuma ralokzifin, wato Evista, ƙwaya mai miligiram 60 kullum, ga mata kaɗai. Yana kare ƙashin baya, yana rage haɗarin sankarar mama, amma ba a tabbatar yana kare ƙashin kwatangwalo ba, kuma ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya.

Magunguna masu gina ƙashi

Ga wanda ƙasusuwan bayansa biyu ko fiye suka lotsa, ko ya karye yana kan magani, akwai masu gina sabon ƙashi. Terifaratayid, wato Forteo, allura ce ƙarama da mutum ke yi wa kansa kullum, yawanci har shekara 2. A masu tsananin cutar ya fi risedironet hana sabuwar karayar baya. Romosozumab, wato Evenity, wanda aka amince da shi a Amurka a 2019, allura ce duk wata har wata 12, kuma ba a ba wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara ɗaya kafin a fara shi. Dukansu suna da tsada ƙwarai, suna da wuyar samu a nan, kuma suna buƙatar firji mai sanyi ba yankewa. Bayan an gama su ma sai an bi da alendironet ko makamancinsa, in ba haka ba abin da aka gina ya zube.

Abubuwan da ake yawan tambayata

Haƙori: a ga likitan haƙori kafin a fara, a cire wanda ya ruɓe. Akwai wani rauni na muƙamuƙi da waɗannan magunguna kan jawo, amma yana da wuyar faruwa, kuma haɗarinsa bai kai na barin ƙashi yana karyewa ba. Sabon ciwo a cinya ko matsematsi shi ma a sanar da likita.

Tsawon lokaci: bayan shekara 5 na ƙwaya ko shekara 3 na ƙarin ruwa akan sake zama a duba. Wanda ya riga ya karya ƙashin baya sau da yawa ci gaba ake yi da shi.

Abinci: jiki na buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana. Nono, kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu duk suna da shi. Tsohuwar da ba ta fita rana tana iya rasa bitamin D duk da zafin garinmu. Sai an cike waɗannan biyun kafin ƙarin ruwa ko allura. Amma su kaɗai ba sa wadatar da wanda ya riga ya karye.

Ciwon kansa: yawanci yana lafawa cikin mako 6 zuwa 12. Farasitamol ne farko. Diklofenak da ibufurofen suna cutar da ƙoda da cikin tsofaffi idan aka daɗe ana sha. Doguwar kwanciya tana ƙara raunana ƙashi, don haka a tashi a riƙa takawa da zarar an iya. A yi salla a zaune har ƙashi ya haɗe, addini ya ba da wannan sauƙin. Kada a bari kowa ya taka bayan ko ya ja shi da sunan gyara.

Idan mahaifiyarku ko mahaifinku ya rage tsawo da kimanin santimita 4, ko ya fara doro, ko baya ya riƙe masa farat ɗaya, ku kai shi a ɗauki hoton ƙashin baya ta gefe. Idan an ga lotsawa, kada ku bar ɗakin likita da maganin ciwo kaɗai. Ku tambaya: an kore tarin fuka da sankara? Yaya ƙodarsa? Wane magani ne zai hana karaya ta gaba, kuma za mu iya ɗorewa a kansa da aljihunmu da nisan garinmu? Ku sayi magani a kantin da ke da rajista, ku duba lambar NAFDAC, ku rubuta ranar sha ko ranar allura inda kowa a gidan zai gani.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su.