Ɗaliban Jinya da Ɗabi'ar Rubuta wa Kai Magani

Da wuya a buɗe akwatin ɗalibar makarantar koyon aikin jinya a rasa farasitamol, da ragowar amoksisilin, wani lokaci har da sirinji. Da zarar an fara darasin ilimin magunguna, aka kuma soma fita asibiti, sai ɗalibi ya ga babu dalilin bin layin kati tun da ya san abin da likita zai rubuta. Ga dutin dare, ga jarrabawa, ga kemis a bakin ƙofar makaranta wanda ba ya tambayar takarda.

Gizo na saƙa ne a nan: ɗalibin ya haddace sunan magani da adadinsa, amma bai ƙware wajen gano ciwo ba tukuna. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Duk zazzaɓi a wurinsa "maleriya da taifot" ne, sai ya haɗa maganin cizon sauro da sifrofuloksasin ya afa. Alhali tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwajin jini kafin a ba da maganin maleriya, kuma gwajin gaggawa ba ya wuce minti 20. Zazzaɓin Lasa da sanƙarau duk da zafin jiki da ciwon kai suke farawa, kuma wanda ke yini a ɗakin majinyata ya fi kowa kusa da su. Kwana uku da aka ɓata ana shan maganin da ba shi ba na iya zama ajali.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun fi shan wahala a hannun ɗalibai. A sha na kwana biyu, a ji sauƙi, a ajiye sauran. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, kuma ɗalibin zai kwashe su a hannunsa ya kai gadon majinyaci. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa.

Farasitamol ma da ake rainawa yana da iyaka: giram 4 a rana ga baligi, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Magungunan mura da dama suna ɗauke da shi, don haka mai haɗa su yana iya lalata hantarsa bai sani ba. Dikulofenak da ibufurofen, abokan masu ciwon mara, suna jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda idan aka mayar da su na kullum.

Mafi muni su ne masu sa maye. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, amma taramadol da allurar fentazosin suna nan. Akan fara ne da allura ɗaya don ciwon baya ko tashin sikila, a ƙare da gyambo a cinya da satar maganin asibiti. Daga nan kuma sai asarar lasisi a gaban hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma.

Abin yi ba shi da wuya. Ƙaramin ciwon kai, a sha farasitamol bisa ƙa'ida; idan ya wuce kwana biyu ko zazzaɓi ya shigo, a je asibitin makaranta a yanki kati kamar kowa. Kada a taɓa maganin ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, kada kuma ƙawa ta ɗaura wa ƙawarta ƙarin ruwa a ɗakin kwana. Wanda allurar majinyaci ta soke shi ya sanar da shugabar ɗakin nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani. Wanda ya ga ba ya iya yini sai da taramadol ya nemi likitan ƙwaƙwalwa tun kafin asirinsa ya tonu.

Shugabannin makarantu kuwa su tanadar wa ɗalibai likitan da za su gani cikin sirri, ko da dare ne, su kuma daina ɗaukar ɗalibin da ya nemi hutun rashin lafiya a matsayin malalaci.