Darasi Na Goma Sha Biyu: Gini A Bakin Hanya

Duk inda sabuwar hanyar mota ta ratsa, nan da nan sai mu ga mutane sun tare a bakinta. Mai shayi ya kafa tebur, mai faci ya kafa rumfa, mai kuɗi ya gina gidan mai. Kafin a jima ƙauye ya zama gari. Haka Tafa da Mararrabar Jos suka bunƙasa a kan hanyar Abuja zuwa Kano.

Wannan arziki ne, amma in ba tsari sai ya zama wahala. Manyan motoci su tsaya bisa kwalta. Kasuwa ta cinye rabin hanya. Wani ya yi gini bisa hanyar ruwa, da damina ta kankama sai ruwa ya shiga gidajen maƙwabta. Yaranmu kuwa su riƙa ratsa tsakanin motoci zuwa makaranta.

To, wa ke da alhakin tsara wannan? Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da magudanan ruwa. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da takardar fili a karkara, amma filin birni yana hannun Gwamna. A manyan birane hukumar tsara birni ta jiha ce ke ba da izinin gini, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Ofishin ƙasa na ƙaramar hukumarmu zai gaya mana inda za mu dosa.

Idan muka kai zanen gini, ma'aikata sukan duba abu huɗu. Na farko, nisan ginin daga hanya. A hanyar Gwamnatin Tarayya ana barin ƙafa 150, watau mita 45 da 'yan kai, daga tsakiyar hanya zuwa kowane gefe. Wannan fili na hanya ne, an bar shi don ranar da za a faɗaɗa ta. Na biyu, inda ruwa zai bi. Na uku, inda mota za ta shiga ta fita ba tare da ta tare wa wasu hanya ba. Na huɗu, abin da ke maƙwabtaka da wurin, gama gidan mai bai dace da jikin makaranta ba.

Mu lura da wannan ƙwarai. In Gwamnati ta karɓi filin da mutum ya mallaka bisa ƙa'ida don aikin jama'a, doka ta ce a biya shi diyyar gininsa da shukarsa. Amma wanda ya yi gini cikin filin hanya ba izini, wata rana sai ya wayi gari ya ga jan fenti a bangonsa. In aka rushe, ba shi da bakin neman diyya. Gumin shekara goma ya tafi a wuni ɗaya.

Saboda haka kada mu sayi fili a bakin hanya da baki kawai. Takardar dillali ba izinin gini ba ce. Mu je ofis, a auna, mu karɓi izini a rubuce, mu karanta da kanmu. In kuwa aka kira taro kan inda za a sa tasha ko kasuwa, mu je tare da mai unguwa da kansilanmu mu faɗi abin da muka sani, gama mu muka san inda ruwa ke kwanciya. Tun ran gini, ran zane.

Tambayoyi

1. Wa ke ba da takardar fili a karkara?
2. Ƙafa nawa ake bari daga tsakiyar hanyar Tarayya?
3. Faɗi abu huɗu da ake dubawa a zanen gini.
4. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma, ka nemi a zo a auna filinka.